Rabi Ta Daina Cin Abinci

Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara. Yaya sanyin Jos, yaya ƙafar taki? Mu nan Yammedi sai godiya.

Sai dai 'yarki Rabi ba lafiya. Tun da ta dawo hutu daga makarantar kwana ta daina cin abinci. Ta zo da wata mujalla mai hotunan matan Turai sirara kamar sillen kara, wai 'yan ajinsu buhun gero suke kiranta. Mun zaci iska ce, aka yi ta rubutu, shiru. Likita a Karaye ya ce ciwon a rai yake, ba a ciki ba.

Jiya na dama mata fura. Ta kurɓa sau biyu, ta zagaya ta amayar, ta dawo tana kuka. Ta ce, "Inna, wallahi ina jin yunwa, abincin nake tsoro."

Yaya, mu da aka yi wa ɗurar kunu don mu yi jiki, me zan ce mata?

Ki sa mu a addu'a, ki gaida su Habu. In za ki rubuto mata, kada ki ambaci ramar.

Ƙanwarki,
Hajara