Wani Bature Wai Shi Biskit

Zuwa ga Uwargida,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, sai dai ni kunya ta hana ni sakat.

Kin san halina, ba a tambayata in ce ban sani ba. Ran nan Auta tana taya ni jera kaya a kan kanta, ta ɗauki kwalin biskit, wai malamarsu ta ce kowa ya binciko asalin kalmar Turanci guda, ita wannan ta zaɓa. Ina awon sukari, ko ɗagowa ban yi ba, na shirga mata cewa sunan wani Bature ne mai gidan burodi, da ya manta ƙullunsa a wuta har ya bushe. Har gemu na yi masa da keke.

Yarinyar nan ta miƙe gaban aji ta zayyana shi tas. Malama ta ce ba haka ba ne, daga Faransanci aka aro kalmar, ma'anarta abin da aka gasa sau biyu, don ya daɗe bai lalace ba. Auta ta kafe, wai babanta biskit yake sayarwa, kuma ba ya ƙarya. Aji ya tuntsire da dariya, suka laƙaba mata 'Yar Bature. Da ta dawo ni take ba haƙuri, wai malamar ce ba ta sani ba. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na yi gum.

Mijinki,
Baban Auta

Uwargida,

Gaisuwa da fatan Inna ta samu sauƙi. Wasiƙarki ta iso, faɗan kuwa na sha, kuma na cancanta.

Na zaunar da ita na faɗa mata babu Bature, babu keke. Ta dube ni ta ce to, shi ke nan. Da ma kuka ta yi.

Jiya na gan ta tana jujjuya gwangwanin madara, tambaya na cin ta. Na gyara tsayuwa, na shirya "ban sani ba" ɗina a baki, karon farko a rayuwata. Sai ta raɓa ta gefena da gwangwanin, ta tsallaka shagon tela ta tambaye shi.

Ki gaida Inna. Don Allah ki dawo da wuri.

Mijinki,
Baban Auta