Gyaɗar da Aka Zuba a Ɗakinki

Toranke, Ajingi

Zuwa ga 'yata Afra'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya a can Namibiya, Ya tsare ki a baƙunta, Ya buɗa miki ƙirji a karatunki. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. An gama cirar gyaɗa, dawa ma ta shigo ba laifi. Mahaifiyarki Hanne ta yi fama da ciwon ƙafa, amma ta miƙe. Ni kuwa ina nan inda kika bar ni, tsohon malamin kimiyya da yanzu ba a tambayarsa komai sai ko hadarin gabas zai zubar.

Ga dalilin rubutuna. Ƙanenki Kamalu ya ce kin kira shi kina kuka, wai za ki ajiye gurbin ƙarin karatun da aka ba ki na shekara uku, ki tattaro ki dawo, kuma ƙarshen watan nan za ki ba su amsa. Hujjarki ita ce kin aiko neman izini mahaifinki bai ce uffan ba, sannan kin ji an zuba gyaɗa a ɗakinki, sai kika ɗauka fushi ne, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Afra'u, kin yi nisa har kin manta ke 'yar fari ce. Ƙanena Usaini bai taɓa kiran sunanki ba tun ranar suna. Mutumin da ko a gaban liman "yarinyar nan" yake ce miki, shi kike jira ya ɗaga waya ya ce ya yarda?

Wurina ya zo, ranar kasuwar Ajingi da yamma. Ya zauna ya yi ta kewaye, daga taki zuwa tsutsar wake, kafin ya tambaya wai me yarinyar nan take nema a sama. Na gaya masa iya abin da na gane daga bayananki da ragowar ilimina. Na ce a can nesa ƙwarai babbar tauraruwa takan ci man cikinta ta rufta, ta feso wuta mai gudu kusa da gudun haske, shi ne kuke kira fashewar gamma. A cikin hasken akwai ƙwayoyin da ƙarfin kowace ya ninka na hasken fitila sau biliyoyi, ido ba ya ganinsu, sai sun daki iskar sama su yi ɗan walƙiya shuɗi wanda madubanku na hangen sama suke kamawa. Yawancinsu ma a hanya suke ƙarewa, don sukan yi karo da hasken wasu taurarin, kaɗan ne ke isowa.

Sai ya ce to in an gan su, saura me? Na ce saura sanin inda suka samo ƙarfin. Wasu masana sun ce raunanan ƙwayoyin haske ne, wasu ƙwayoyin lantarki masu tsananin gudu suka buge su, kamar tsakuwar da tayar mota ta harba a titin Kano har ta fasa gilashi. Wasu kuma sun ce a'a, ƙwayoyin lantarkin ne da kansu suke fitar da hasken yayin da maganaɗisu yake murɗa su, ko da yake lissafin da aka saba da shi ya ce bai kamata su kai wannan ƙarfi ba. Na ce wannan gardamar ita ce gonar 'yarka. 

Daga nan ya nemi ra'ayina, ni kuwa ban ɓoye ba. Na tuna masa yadda na dawo da takardar digiri ina ɗokin yi wa ƙasa aiki, aka ba ni ɗakin gwaji da babu komai cikinsa sai jemagu da kwalabe marasa murfi. Na ƙare ƙuruciyata ina zana wa yara hoton kayan aikin da ba za su taɓa riƙewa ba, har na yi ritaya ba wanda ya lura. Na ce masa ƙasar nan ba ta kashe mai ilimi, ajiye shi take yi a inuwa har ya bushe. Idan kin dawo yanzu da rabin aiki, abin da zai same ki ke nan, kuma ba na so a samu irina biyu a gida ɗaya.

Sai ya ɗauki takalminsa ya tafi. Washegari ya sa Hanne ta naɗe shimfiɗar da take gyarawa kowace kaka don tsammanin zuwanki, ya ce a zuba gyaɗa, ɗakin ba zai samu mai shi ba sai bayan kaka uku. Wannan ita ce amsarsa, kuma duk wanda ya tashi a gidan nan ya ji ta sai ke. Ki je ki ce musu kin karɓa. Kada ki kira shi don godiya, za ki sa shi ya rasa inda zai sa kansa. Ki aiko ta bakin mahaifiyarki.

Jiya mun haɗu da mahaifinki a ƙofar masallaci, ya tsaya yana gyara hula, ya tambaya cikin maganganun nan biyu wanne yarinyar nan ta riƙa. Na ce a yadda na fahimta kin fi karkata ga na maganaɗisu. Ya ce to shi ne daidai, ya wuce.

Hanne tana gaishe ki ƙwarai, haka Kamalu da Zaituna da gwaggonki Ummukulthum ta Kademi. Ɗayyabu ya ce a gaya miki matarsa ta sauka, an samu mace. Ki riƙe salla, ki riƙa cin abinci. Allah Ya yi miki albarka.

Ni ne baffanki,
Inuwa