Teburin rabon taki ya hana ni jinyar mahaifiyata

Anti Hidaya, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekara huɗu ke nan ina aiki a wani koperatif, wato ƙungiyar manoma, a Jiratawa, kullum daga unguwar Zariya ta nan Maraɗi nake tafiya. Ni na tsara teburin Excel da muke raba taki da shi, kowane manomi gwargwadon faɗin gonarsa. Lissafin ciki duk irin su D7*B2 ne, kuma layi-layi nake rubuta shi da hannuna. Ni kaɗai na san B2 yawan buhunan hekta ɗaya ne. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, da gangan na bar shi haka, don kada a ga za a iya yi ba tare da ni ba.

Yanzu mahaifiyata tana kwance a Tibiri, ɓarin jikinta ya shanye. Na karɓi konje, wato hutun aiki, na wata guda. Kwana biyu da tafiyata abokin aikina Shamsu ya ƙara sababbin manoma, ya ja lissafin ƙasa, B2 ta koma B3 da B4, inda babu komai. Mutum goma sha ɗaya suka fito da sifiri, suka zo da amalanke suka koma ba ko buhu ɗaya. Shugabanmu ya kira ni, na bar Inna hannun ƙanwata na dawo. Ya ce ba inda za ni sai an gama rabo. Ina zaune gaban na'ura, hankalina yana Tibiri. In na bar aikin, da me zan sayi maganinta? Ni na ɗaure kaina, Anti.

Wadda ta rasa mafita, Maraɗi

'Yata, Allah ya ba Inna lafiya. Tsoron rasa aiki ba abin kunya ba ne, amma shugabanku ma yana da hujja: taki ba ya jiran kowa, kuma Shamsu bai yi laifi ba.

Gyaran na yini ɗaya ne. Danna B2, ki je ƙaramin akwatin da ke sama ta hagu inda aka rubuta B2, ki sa Buhu_a_hekta, ba tazara tsakanin kalmomin, ki danna Enter. Sai ki mayar da lissafin D7*Buhu_a_hekta. Suna ba ya zamewa ko an ja shi layi ɗari, kuma duk wanda ya karanta ya gane. Ki yi wa sauran muhimman wurare haka, Shamsu yana zaune kusa da ke, shi zai riƙa dannawa.

Daga nan ku je wurin shugaba tare, Shamsu ya ƙara manomi a gabansa. Ba sai kin tona tsohuwar niyyarki ba, ki gyara kawai. Ba a cika sallamar wanda ya sauƙaƙa wa mutane aiki ba.

Ki tafi Tibiri da zuciya ɗaya. Allah ya sa ki same ta da sauƙi, ki gaishe min da ita.

Anti Hidaya