Fura da Wane Nono?

Shamima,

Na tafi suna Kotobabi, ban so in tashe ki ba. Manhajojin nan biyu da kika ce in zaɓi wadda za mu riƙa sarrafa shafin shagonmu da ita, na gwada ta farko. Sauƙi kamar me! Na rubuta "fura da nono mai sanyi", ta juya shi Turanci da kanta, na danna koren maɓalli, ya hau.

Ashe, 'yar nan, ba nonon sha ta fassara ba, na jikin mutum ta sa! Malam Tawfiq ya bugo daga Maamobi yana salati, wai me muka koma sayarwa?

Don Allah ki goge kafin surukanki su gani. Ta biyun na zaɓa, ita ba ta jin Hausa.

Mamanki