Tsuntsun da Na Ɓoye Miki

Zuwa ga Dilruba, sanyin idona, iskar asuba mai tasowa daga teku, farar balbelar da ta sauka a taɓon zuciyata ba ta ɓata ƙafa ba! Gaisuwa daga tsibirin Sonadiya, daga mai kwalekwalen nan da kika ce kada bakinsa ya ƙara kiran sunanki. Ban kira ba, rubutawa na yi.

Ba zan tsaya kewaye-kewaye ba, wanda na yi da ke a kan ruwa ya isa. Kwana goma sha ɗaya ke da yayanki Mokhles kuna shiga kwalekwalena, kuna neman ɗan tsuntsun nan mai baki kamar cokali, wanda bai cika tafin hannu ba amma yake ƙetaro duniya daga ƙasar ƙanƙara don ya yi kiwo a gaɓarmu. Kwana goma sha ɗaya ina tuƙa ku gabas. Shi kuwa yana yamma, bayan filin gishiri, su uku ne ma, kuma tun ranar farko na sani.

Amma ki yi mini adalci. Ba ke kika ce da zarar kin gan shi kin sa a littafin ƙidaya aikinki ya ƙare, za ki koma koyarwa a Maheshkhali ba? Wane mai hankali ne zai ji wannan daga bakinki sannan ya miƙe hanya? Na ce a raina kwana ɗaya kawai zan ara. Washegari kika zo da mayafi ruwan ganye, na ƙara ɗaya. Daga nan kuma hannuna ya daina shawara da ni, da kansa yake karkata jirgin gabas.

Kin tuna ranar da taɓo ya ƙwace miki takalmi? Jajayen ƙaguwa suka watse, kika tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, kina dariya kina yi mini faɗa wai ni na zaɓi wurin. Ni na zaɓa kuwa. Ranar ce kika miƙo mini madubin hangen nesa kika ce in duba can bakin ruwa. Na karɓa don kunya, amma me zai yi mini? Abin da nake son gani yana zaune a gabana, leɓɓansa na motsi yana ƙirga tsuntsaye. Kika tambaye ni nawa na samu, na ce ɗari biyu. Wallahi ko ɗaya ban ƙirga ba.

To, ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa kuma Gwaggo Saleha ce ta tone shi. Muna zaune wajen shanyar kifinta tana zuba muku shayi, sai ta dube ki ta ce, "'Yar nan, har yau ba ki ga mai cokalin ba? Ai wannan ja'irin kullum da sassafe sai ya je bayan filin gishiri ya gaishe su." Yaya Mokhles ya yi dariya har ya ƙware. Ke ba ki yi ba. Kika dubi ƙafafunki da gishiri ya tsattsaga, kika dube ni, kika ajiye shayin ba ki sha ba. Da marina kika yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kunya, Dilruba, kuma har yau ina jin ta.

Tun tafiyarki gaɓar ta cika maƙil da tsuntsaye, ni kuwa fayau nake ganinta. Gwaggo ta ce na rame kamar kifin shanyarta, wai saura ta rataye ni a igiya. Na je wajen shugaban masu ƙidaya na ce ya rubuta uku da sunanki, ya ce maganar mai jirgi ba ta shiga littafi, sai mai ƙidaya ya gani da idonsa. Shafinki yana nan fari, ni na bar shi haka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Iska ta juya, ta fara busowa daga kudu, kuma kawunan 'yan tsuntsayen sun fara ja. Kin fi ni sanin ma'anarsa: haramar tafiya suke yi, da ƙyar su ƙara mako biyu. Ki zo ranar Juma'a, ruwa zai cika da hantsi. Ki taho da Yaya Mokhles, ki taho da fushinki ma, jirgin zai ɗauka. An ce so hana ganin laifi, amma ban isa in roƙi wannan ba tukuna.

Na yi alkawari yamma zan nufa kai tsaye, kafin shayinki ya huce kin gan su. Na san da zarar kin rubuta su a littafi, ba sauran abin da zai dawo da ke tsibirin nan, kuma wannan karon da hannuna zan kai ki. Ran Asabar kuma zan ɗaure jirgina a mashiga in zauna. Ba tsuntsun da ya rage da zan ɓoye. In na hango mayafin nan ruwan ganye, na san wurin wa aka zo.

Naki, mai jiranki ko ruwa ya cika ko ya janye, har ranar da teku za ta ƙafe,

Jashim