Takwas da Tafireta, Shida da Biro

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Anti da yara. Ya aikin shago? Ya kuma ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka yi haƙuri da na ba direba takarda maimakon in buga waya. Maganar ba ta waya ba ce, ga shi kullum yara na kusa da ni.

An turo kwamiti asibitinmu ana tantance takardun ma'aikata, tun daga mai gadi har babban likita. Shekaranjiya aka kira ni. Na jera musu komai: shaidar makarantar ungozoma, lasisi, takardun ƙarin girma. Duk suka wuce. Da aka zo kan ta sakandare, sai shugabar kwamitin, wata mata mai tabarau da ba ta dariya, ta ɗaga takardar ta haska ta a taga. Ta ce, "Wannan ai sakamakon wucin gadi ne da makaranta ke bayarwa kafin satifiket ɗin hukumar jarrabawa ya iso. Ina na ainihin?" Na ce ban taɓa karɓowa ba. Ta ce, "Shekara ashirin da biyu?" Sannan ta ɗora yatsa a kan lissafi.

Ka san wurin. An buga takwas da tafireta, an soke ta, an rubuta shida da biro a gefe. Babu sa hannu, babu hatimi. Ta yi mini bayani kamar ban sani ba: daga ɗaya zuwa shida kiredit ne, takwas kuwa tsallakewa ce kawai, ba ta kai mutum makarantar ungozoma. In takwas ce gaskiya, duk abin da na ɗora a kanta ya rushe, har lasisin.

An ba ni sati biyu. Kai ka karɓo mini takardar nan lokacin ina kwance da zazzaɓi. Don Allah ka duba akwatin marigayi Baba, ko akwai wani abu da ya shafi jarrabawata. Ka kuma gaya mini abin da ka tuna.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, ƙafa da sauƙi, sai dai in na daɗe a tsaye wajen zarto ta tuna mini da kanta.

Na sauko da akwatin Baba. Kin san shi, ko takardar magani ba ya yarwa. Na tarar da katin rigakafinki, da shaidar gama firamare, da hotonki na aji uku kin tsuke baki kamar an hana ki abinci. Akwai takardar da shugaban makarantarku ya rubuta cewa ke yarinya ce mai ladabi. Na sa miki ita a ciki, ko za ta yi amfani.

Ki kwantar da hankalinki. Mutumin da ya yi kusan shekara ashirin yana karɓar haihuwa, har aka ba shi ɗakin haihuwa gaba ɗaya ya shugabanta, ai ba a tambayarsa lissafi. Rabin yaran garinku a hannunki suka faɗo. Su je su ƙirga su in lissafi suke so.

Antinki na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Yayanki

*

Yaya,

Salam. Na ga saƙo, na gode. Takardar ladabi ba ta da amfani, ba halina suke tantancewa ba.

Abu biyu na roƙe ka, ɗaya ka yi. Ka cika takarda da hotona da katin rigakafi, amma ranar da ka je makaranta ko kalma ɗaya ba ka ce a kanta ba. Na san ka. In kana kauce wa magana, barkwanci kake yi.

Kwana biyar sun tafi. An raba mana fom, a ƙasansa akwai wurin da mutum zai sa hannu ya rantse duk takardunsa na gaskiya ne. Wanda ya sa hannu aka gano akasin haka, ba kora kaɗai ba ce. Fom ɗin na cikin jakata, ina yawo da shi kamar garwashi. Jiya ina auna wa wata mai naƙuda jini sai da na maimaita sau uku, don ban yarda da abin da idona ya karanta ba. Ni da nake koya wa sababbi! Babbar 'yata tana shirin tata jarrabawar, ta kawo mini littafin lissafi in duba mata, na ce kaina ke ciwo.

Zan tambaye ka kai tsaye, ka yafe mini in na yi rashin kunya. Hannunka ne a kan takardar nan?

Auta

*

Auta,

Wa alaikis salam. Ba ki yi rashin kunya ba. Kwana biyu takardarki na aljihuna, na ɓata katako biyu saboda awo ya ƙi zama a kaina.

Ba hannuna ba ne. Amma ba zan ce miki hannuna a wanke yake ba.

Ranar da na je, akawun makarantarku ya miƙo mini takardar ta taga. Kin san ni aji biyu na tsaya, ban san wace lamba ce mai kyau ba. Da na ga takwas har murna na yi, na ɗauka mai yawa ita ce babba. Wani malami da ke tsaye a wurin ya leƙa ya ce, "Kash, lissafi ya kayar da ita, ba za a ɗauke ta ba." Sai na tuna Baba ya riga ya gaya wa duk unguwa 'yarsa za ta zama ungozoma, na tuna yadda kike karatu har idonki ya yi ja.

Na koma tagar na ce, "Malam, ka taimaka, ka sake dubawa." Na yi ta roƙo, har da hawaye, ƙato da ni. Ya karɓi takardar ya shige ciki, ya daɗe. Da ya fito sai ya ce, "Ga shi, shida ce, je ka." Ban tambaye shi ko kuskure ya gyara ko tausayina ya ji ba. Tsoron amsar nake. Bayan sati guda na ƙera benci mai kyau na kai masa gida, ya karɓa yana murmushi. Tun ranar na ɗauka mun haɗa baki ke nan.

Ban gaya wa Baba ba har ya koma ga Allah. Ban gaya wa Antinki ba sai jiya. Duk ranar da aka ƙara miki girma kika bugo kina murna, ni gabana faɗuwa yake. Na je neman akawun, aka ce ya rasu shekara shida da suka wuce.

Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama. In za su saurari kafinta, zan zo in gaya musu ke ba ki san komai ba.

Yayanki mai neman gafara

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarka a tsaye a ɗakin canza kaya. Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. Na yi wuni guda ina shirya maka baƙaƙen maganganu. Amma da na ɗauki biro sai na ga ba ni da bakin faɗarsu.

Ka ce ban san komai ba. Yaya, me kake tsammani ya hana ni karɓo satifiket ɗina shekara ashirin da biyu? Tun ranar da ka miƙo mini takardar na ga biron nan. Na san ni da lissafi ba ma shiri, kai da kanka kake tsokanata cewa ko ƙwai aka aike ni saye sai na dawo canji bai cika ba. Na yi shiru na karɓa. Sau biyu ina zuwa har ƙofar makarantar in juya. Kai ka ji tsoron tambayar akawu, ni na ji tsoron tambayarka.

Yau da safe na je wurin mai tabarau da fom ɗina babu sa hannu. Na ce, "Ranki ya daɗe, ba zan rantse a kan abin da ban sani ba." Na gaya mata komai, har bencin. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Kin san abin da kike jawo wa kanki?" Na ce na sani. Ta ce daga gobe in miƙa makullan ɗakin haihuwa ga mataimakiyata har a ga ƙarshen magana. Na miƙa. Ban san makulli huɗu na da nauyi haka ba sai da na ji aljihuna babu su.

Ta ce hukumar jarrabawa za ta iya tabbatar da sakamako, amma sai an yi wata biyu, su kuwa ranar Alhamis za su rufe rahoto. Abin da ya rage shi ne satifiket ɗin ainihi, in har yana nan a makaranta. An hana ni barin gari. Ga takardar izini na sa hannu, ga hotona, ga lambar jarrabawata a baya. Ka je ka karɓo. Kome ka gani a ciki, kada ka roƙi kowa. Ka ba direba yadda yake.

Ka yi mini addu'a. Abinci ya ƙi shiga.

Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Salam. A gurguje nake rubutu, direba na ɗaure kaya.

Wuni biyu na yi a siton makarantarku ni da sabuwar akawu. Gara ta cinye rabin kabad ɗin, satifiket ɗin 'yan shekararku suna can ƙasa an ɗaure da igiya. Naki ne na goma sha ɗaya, gefensa ya ɗan ci ruwa, amma sunanki da lambarki da hatimi duk suna nan.

Shida ce.

Ban yarda da idona ba, na ba akawu ta karanta, na ba shugaban makaranta, na fita na tare wani malami da ke wucewa shi ma ya karanta. Suka buɗe babban littafin sakamako, can ma shida. Mai tafireta ne ya yi kuskure, marigayi akawu ya shiga ya duba ya gyara, ya manta bai buga hatimi ba. Aikinsa kawai ya yi, ni kuma na shekara ashirin da biyu ina yi masa kallon ɓarawo. Daga nan gidansa zan wuce in gaida iyalinsa.

Satifiket ɗin kam ba zan ba direba ba. Gobe da motar farko ina tafe da shi a cikin rigata. Ki ci abinci, ki kuma sa hannu a fom ɗinki.

Yayanki