Huɗu Cikin Goma

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Yaya, kada ki yi mini dariyar wannan rubutun tsutsa, da hagu nake yin sa. Hannun dama yana cikin ɗauri.

Zafin bana ya wuce misali. Kwalta narkewa take yi, shanu suna zubewa a bakin rijiya. Kin san nan fili ne fetal, sai ki hango hadari ya haɗu tun daga nesa, kina murna, ya watse a kan idonki. Makon jiya na faɗa a rediyo, kamar yadda na'urorin ofishinmu na hasashen yanayi suka nuna, cewa yiwuwar ruwa da tsawa huɗu ce cikin goma. Mutane ba su ji huɗun ba, ruwan kawai suka ji. Suka fita suka yi shuka. Aka yi ɗan yayyafi, iri ya fara tsira, rana ta soya shi a cikin ƙasa.

Shekaranjiya da tsakar rana suka zo ofishinmu da gorori da fartanyu. Wani manomi da ake ce wa Gatari ne a gaba. Tsohon mai gadinmu ya tashi zai rufe ƙofa, suka rotsa masa kai, jini ya wanke masa gemu. Suka farfasa ma'aunin ruwa, suka karya sandar da ke auna iska. Ni kuwa daga kan kujera suka fizgo ni, suka ja ni a ƙasa har tsakar gida. Gatari ya danne mini ƙirji da gwiwa, ya cusa mini mataccen iri a baki, yana cewa, "Ci huɗunka cikin goma!" Da na kare fuskata, ƙotar fartanya ta sauka a hannuna. Na ji ƙarar ƙashin kafin na ji zafin. Jiniyar 'yan sanda ce ta watsa su.

Wallahi Yaya, ba dukan ne ya fi ci mini rai ba. Gatari yana dukana yana kuka. Irin da ya rasa na bara ne, wanda ya hana 'ya'yansa ci.

Kada ki faɗa wa Inna. Ki ce mata santsi ne ya ɗebe ni a banɗaki.

Ƙaninki,
Dogo

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan gida lafiya. Saƙonki ya iso, na gode. Kin ce in ajiye aikin in dawo. Karanta wannan tukuna.

Ranar kasuwa da hantsi na ga abin a allon na'urar ofis: hadari baƙi ƙirin, da iskar da ban taɓa ganin irinta ba, ya nufo mu kai tsaye. Na shiga rediyo na ce kowa ya bar rumfa ya shiga ɗakin siminti. Wa zai saurari wanda aka ciyar da iri? Direbanmu ya kai ni kasuwa, ina kururuwa ta tagar mota. Wani mahauci ya jefe ni da ƙashi, ya ce in tafi in auna zafin uwata.

Bayan la'asar gari ya yi duhu. Iska ta fara da ɗaukar tabarmi, sannan ta koma kan kwanon rufi. Yaya, kwano yana yawo a sama kamar wuƙa. Na ga ya tsarge wuyan jaki. Tsawa ta faɗa wa bishiyar bakin tasha, ta raba ta biyu a kan masu fakewa. Ƙanƙara tana fasa kawuna, turakun lantarki suna zubewa, uwa tana kiran ɗanta ba ta jin muryar kanta. Muka cika bayan motar ofis da masu rauni, ni da hannu ɗaya ina jan mutane ta wuyan riga.

Gatari yana cikin waɗanda bishiyar ta danne. Da muka ciro shi ƙafafunsa sun niƙe. Ya gane ni, ya riƙe ɗaurin hannuna bai saki ba. Kafin mu kai asibiti ya cika.

Jiya matarsa ta zo ofis, da goyo a baya da ƙullin iri a gefen zane, wanda maƙwabta suka haɗa mata. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Malam, ƙasa ta jiƙe. In shuka ko in jira? Wannan ne ya rage mana."

Na duba allon har idona ya yi ruwa. Zafi zai dawo, ruwa na gaba ba tabbas. Na ce mata ta jira, kuma duk ranar da na ga ya dace, ba ta rediyo za ta ji ba, da ƙafata zan zo in faɗa mata.

Don haka ba zan dawo ba bana, Yaya. Ki sa Inna ta yi mini addu'a kada in yi kuskure a kan ƙullin nan.

Naki har kullum,
Dogo